Sun Ce Albarka, Kasuwa Ta Watse: Nazari Kan Rushewar Pac-12

Da safiyar Juma'a, 4 ga Agustan 2023, shugabannin jami'o'i tara na yammacin Amurka sun shirya zama domin sa hannu a wata takarda. Takardar za ta ɗaure su wuri ɗaya na wasu shekaru, ta kuma ba kamfanin Apple damar nuna wasanninsu. Ana saura 'yan mintoci a fara, jami'ar Washington da ta Oregon suka aiko da saƙon cewa su kam sun tafi. Kafin dare ya raba, Arizona da Arizona State da Utah sun fice ta wata ƙofar. Haɗakar wasanni ta Pac-12, wadda tushenta ke komawa 1915, ta wayi gari da jami'o'i tara, ta kwana da huɗu.

Tun daga ranar ake taƙaita labarin da cewa kwaɗayi ne ya kashe ta. Akwai gaskiya a ciki, amma bayanin bai ishe ni ba. Kwaɗayin nan yana nan a sauran haɗakokin, kuma suna raye. Big 12, wata haɗakar da ke gogayya da ita, wadda shekaru biyu kafin nan aka gama yi mata makoki, ita ce ma ta kwashe huɗu daga cikin 'ya'yan Pac-12. Abin da nake gani shi ne shugabannin Pac-12 ba su san farashin kayansu ba, ba su kuma gane cewa kayan gwari suke riƙe da shi ba, irin wanda duk ranar da ya kwana ba a sayar ba darajarsa raguwa take yi. Jita-jitar da suke yi wa kallon surutun 'yan jarida kuwa, ita ce ta ƙarasa su.

Wanda ya saba da wasannin jami'o'i irin na NUGA sai ya ajiye wannan ma'auni a gefe. A Amurka, filin jami'ar Michigan yana ɗaukar mutum fiye da 107,000, ya fi kowane filin ƙwallo a Turai. Wasan da ke kawo kuɗin shi ne ƙwallon Amurkawa mai hular kwano, ɗan'uwan zari-ruga, sai ƙwallon kwando na maza da ke biye daga nesa. Jami'o'in suna cikin haɗakoki, kowace kamar lig take, sai dai babu faɗawa ƙaramar gasa, babu hawa babba. Da gayyata ake shiga. Haɗaka ce ke tattara haƙƙin nuna wasannin gida na membobinta, ta sayar wa tashoshin talabijin a dunƙule, a raba kuɗin. Da wannan kaso ne jami'a ke ɗaukar nauyin ninƙaya da guje-guje da ƙwallon raga da sauran wasannin da ba sa kawo riba, na maza da na mata.

Pac-12 ba ƙaramar haɗaka ba ce a wannan fage. An kafa kakarta a birnin Portland a Disambar 1915 da jami'o'i huɗu. Tun daga 1947 zakaranta ya yi shekaru da dama yana karawa da zakaran haɗakar Big Ten a wasan Rose Bowl na sabuwar shekara a Pasadena. Jami'o'inta sun ci kofunan ƙasa fiye da 500, babu haɗakar da ta kama ƙafarta, shi ya sa take yi wa kanta kirari da haɗakar zakaru. A nan Jackie Robinson da Kareem Abdul-Jabbar suka yi wa UCLA, jami'ar Kalifoniya ta Los Angeles, wasa, a nan Tiger Woods ya yi Stanford, haka ma Nneka da Chiney Ogwumike, 'yan asalin Najeriya da suka shahara a ƙwallon kwando na mata.

Tushen komai yana 1984. Kafin nan hukumar wasannin jami'o'i ta ƙasa, NCAA, ita ke sayar da wasanni ga talabijin, ita ke ƙayyade sau nawa za a nuna kowace jami'a. Oklahoma da Georgia suka kai ƙara, Kotun Ƙoli ta ba su gaskiya da alƙalai 7 a kan 2. Wanda ya rubuta ra'ayin marasa rinjaye, Byron White, tsohon gwarzon ɗan wasa ne na jami'ar Colorado, kuma damuwarsa ita ce za a mayar da wasan ɗalibai kasuwanci tsagwaronsa. Daga wannan hukunci kowace haɗaka ta zama 'yar kasuwa mai zaman kanta, darajar jami'a kuma ta koma yawan idanun da take jawowa gaban akwatin talabijin. Mai bin ƙwallon Ingila zai tuna yadda manyan kulob suka ɓalle a 1992 suka kafa Firimiya a kan kuɗin Sky. Asalin abin iri ɗaya ne.

Abin da kan ɓace wa mutane shi ne akwai lokacin da Pac-12 ke gaban kowa. Larry Scott, wanda aka ɗauko daga hukumar tanis ta mata a 2009 ya zama kwamishina, ya zo da babban buri. A 2010 ya kusa jawo Texas da Oklahoma da wasu huɗu, abin da zai mayar da haɗakar mai jami'o'i 16. Texas ta fasa, daga baya ta samu tasharta ta kanta daga ESPN, babbar tashar wasanni ta talabijin. Scott ya tsira da Colorado da Utah. A Mayun 2011 ya ƙulla kwantiragin shekara 12 da ESPN da Fox a kan dala biliyan 3, mafi tsoka a tarihin wasannin jami'o'i a lokacin.

Kuskuren farko ya biyo bayan wannan nasara ne kai tsaye. Big Ten ta kafa tasharta a 2007 tare da Fox, wato ta yarda ta raba riba da wanda ya san hanyar shigar da tasha cikin gidajen mutane. Pac-12 ta ce ita kaɗai za ta mallaki tata, ɗari bisa ɗari, kuma ba tasha ɗaya ba, bakwai: ta ƙasa guda, na yankuna shida. Aka buɗe a Agustan 2012, aka kama ofis a tsakiyar San Francisco, inda haya ke cin kusan dala miliyan 7 a shekara, albashin kwamishina kuma ya haura miliyan 5. Kamfanin DirecTV, wanda miliyoyin gidaje da wuraren kallon wasa suka dogara da shi, ya ƙi ɗaukar tashar, kuma har ta mutu bai ɗauka ba. Da Fox ko ESPN na da hannun jari a ciki, da sun matsa masa lamba da sauran tashoshinsu. Pac-12 ba ta da sandar da za ta ɗaga. Uwa-uba, babu wata babbar tasha da rayuwar Pac-12 ta zame mata dole, kuma wannan ya yi aiki a ranar da aka shiga uku.

Akwai kuma matsalar agogo, wadda ba laifin kowa ba ce. Kusan rabin Amurkawa suna zaune a gabas, inda lokaci ke gaban na yamma da awa uku. Wasan da aka fara ƙarfe 7:30 na dare a Seattle, a New York 10:30 ne, ya ƙare mutane sun yi nisa a barci. Ga shi daga 2014 da aka fara gasar fitar da zakaran ƙasa mai gurbi huɗu, sau biyu kacal Pac-12 ta samu shiga kafin shekararta ta ƙarshe. Zuwa 2022, kowace jami'a a Big Ten na karɓar kusan dala miliyan 59 a shekara, ta SEC, haɗakar kudu maso gabas, kusan miliyan 50, ta Pac-12 kuma 37.

Dama ta sake ƙwanƙwasa ƙofa a 2021. A watan Yuli aka ji cewa Texas da Oklahoma za su bar Big 12 su koma SEC. Sauran takwas ɗin suka shiga neman mafaka, da yawansu suna leƙen Pac-12. Sabon kwamishina George Kliavkoff, wanda ya zo daga kamfanin otal-otal na MGM, bai cika wata biyu a kujera ba. A ƙarshen Agusta haɗakar ta sanar cewa ba za ta ƙara kowa ba. Jaridar Los Angeles Times ta ruwaito daga baya cewa shugabar USC, jami'ar Kudancin Kalifoniya da ke Los Angeles, tana cikin waɗanda suka toshe maganar. Da an ɗauki uku ko huɗu a lokacin, da Big 12 ta watse, da babu inda Colorado da Utah da jami'o'in Arizona za su gudu. Sai aka bar ta ta farfaɗo, ta jawo BYU da Cincinnati da Houston da UCF.

Abin da Pac-12 ta dogara da shi a maimakon haka shi ne wani ƙawance da ta ƙulla a watan da Big Ten da haɗakar ACC, domin a taka wa SEC birki. Da 'yan jarida suka tambaya ko an sa hannu a wani abu, Kliavkoff ya amsa cewa babu takarda, magana ce tsakanin dattawa uku. Wata goma bayan nan, ranar 30 ga Yunin 2022, USC da UCLA suka sanar cewa za su koma Big Ten a 2024. Ɗaya daga cikin dattawan ukun ne ya buɗe musu ƙofa.

Ina ganin cin amana ne, amma ba zan ce babu dalili ba. Los Angeles ce kasuwar talabijin ta biyu mafi girma a Amurka, USC kuma ita ce babban suna a ƙwallon yamma, amma kasonta daidai yake da na jami'ar da ke ƙauye. UCLA kuwa sashen wasanninta ya ci bashin da ya haura dala miliyan 100 cikin shekara uku, har ana maganar rufe wasu wasanni. Makonni kaɗan bayan sanarwar, Big Ten ta ƙulla kwantiragin shekara 7 da Fox da CBS da NBC a kan fiye da dala biliyan 7. Shugaban jami'ar da aka nuna wa wannan lissafi ya kau da kai, sai ya yi wa majalisar jami'arsa dogon bayani.

To amma tafiyar biyun nan ba ita ce ajali ba. Jami'o'i goma sun rage, cikinsu akwai Oregon mai gata daga Phil Knight na Nike, da Washington mai birnin Seattle, da Stanford, da Utah da ta ci kofin haɗakar sau biyu a jere. Suna kuma da abin da babu mai shi sai su: wasan dare, lokacin da tashoshi ke neman abin cike gurbi bayan an gama wasannin gabas. A nan ne aka yi cinikin da nake ganin shi ne zuciyar lamarin.

'Yan jaridar da suka bi maganar kusa sun ruwaito cewa a kakar 2022 ESPN ta taya kayan a kan kusan dala miliyan 30 ga kowace jami'a a shekara. Shugabannin suka ce albarka, suka ambaci miliyan 50. ESPN ba ta ƙara ba, ta juya ta tafi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kara ya san akwai farashin da idan ka faɗa, mai saye zai gane ba ka shirya sayarwa ba, kuma ba ya dawowa idan akwai irin dabbar a turke na gaba. Akwai ta kuwa. Brett Yormark ya hau kujerar Big 12 a Agustan 2022. Kwantiraginsa sai 2025 zai ƙare, shekara guda bayan na Pac-12, don haka a bisa layi Pac-12 ce a gaba. Yormark bai jira layi ba. Ya je wurin ESPN da Fox da wuri, bai tsaya jayayya a kan sai ya kamo Big Ten ba, a ƙarshen Oktoba ya sallama a kan dala biliyan 2.28 na shekara 6, kimanin miliyan 31.7 ga kowace jami'a. Kusan kuɗin da Pac-12 ta raina ke nan. Ya kuma samu sharaɗi daga ESPN cewa idan ya jawo wata jami'a daga manyan haɗakoki, za a biya mata cikakken kaso.

Wannan sharaɗin ne ya juya komai. Daga ranar, duk jami'ar Pac-12 da ke kusa da yankin Big 12 ta san akwai kujera da ke jiranta da kuɗi a rubuce. Kasuwar kanta kuma tana sanyi. Gidajen da ke biyan kuɗin kebul suna kallon ESPN sun ragu daga kusan miliyan 100 a 2011 zuwa wajen miliyan 70, kamfanin Disney mai tashar ya shiga sallamar ma'aikata 7,000 a 2023, Fox ta riga ta ƙoshi da Big Ten da Big 12. A Janairun 2023 kuma aka gano cewa kamfanin Comcast ya yi shekaru yana biyan tashar Pac-12 fiye da ƙima, kuɗin da ya haura dala miliyan 50, kuma dole a mayar. Aka kori manyan jami'ai biyu.

Daga nan sai aka shiga shekarar hasashe. Yau a ce za a sanar da kwantiragi a Maris, gobe a ce Afrilu, jibi a ce kafin bazara ta ƙare. Yau a ce Amazon ne, gobe Apple, jibi wata ƙaramar tasha. Masu shirye-shiryen rediyo da marubutan wasanni suka mayar da zana taswirar wa zai koma ina sana'a. Shugabannin Pac-12 suka fitar da sanarwar haɗin kai, wasunsu suka riƙa musanta cewa suna magana da kowa. Kuskurensu shi ne ɗaukar maganar a matsayin ƙarya da gaskiya za ta kore. A irin wannan kasuwa jita-jita tana haifar da abin da take faɗa. Idan mai saye ya ji cewa Colorado na iya tafiya, sai ya rage tayi, saboda bai san abin da zai samu ba. Idan tayi ya ragu, Colorado ta ƙara samun dalilin tafiya. Kowane shugaba kuma yana kwana da tambaya ɗaya: idan na tsaya don amana, maƙwabcina ya riga ni zama a kujerar ƙarshe fa? Takardar da ta ɗaure haƙƙin wasanninsu za ta ƙare a 2024, babu kuɗin ficewa da zai tsorata kowa. Jami'ar San Diego State ma, wadda ta rubuta wa haɗakarta a Yunin 2023 cewa tana shirin ficewa domin ta shigo Pac-12, ta jira gayyata ba ta zo ba, ta koma gida.

Colorado ce ta fara gajiya. Ta ɗauko Deion Sanders a matsayin koci, idon ƙasa duk yana kanta, ba ta kuma ga dalilin ci gaba da jiran gawon shanu ba. Ranar 27 ga Yuli ta koma Big 12, inda ta fito shekara 12 da suka wuce. Ranar 1 ga Agusta Kliavkoff ya gabatar da abin da ya samo: Apple, kusan dala miliyan 23 ga kowace jami'a, da alƙawarin ƙari idan mutane da yawa suka yi rajista suna biya. Duk wasannin ta intanet, babu tabbacin fitowa a tashoshin da kowa ke kamawa.

Tayin ba wauta ba ne. Duniya can ta dosa, Apple kuma ya riga ya sayi gasar ƙwallon ƙafa ta Amurka na shekara 10 a kan wannan tsari. Michael Crow, shugaban Arizona State, ya yaba masa a fili, ya so a tsaya har ƙarshe. Amma koci yana jawo yaro ɗan sakandare ne da cewa duk ƙasa za ta gan shi ranar Asabar, kuma waɗannan shugabanni an taɓa yi musu alƙawarin kuɗin da zai zo idan an yi haƙuri, a 2012, bai zo ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Oregon da Washington suka karɓi tayin Big Ten na miliyan 30 a shekarar farko, ana ƙara miliyan ɗaya duk shekara, wajen rabin abin da USC da UCLA za su karɓa. A lura da lambar. Miliyan 30 ɗin da aka ce wa albarka ce, sai dai yanzu jami'o'i biyu kaɗai suka same ta a wannan ƙofar, da begen cikakken kaso a 2030.

A nan ne na fi ganin hannun tashoshin. Sun ƙi sayen san a tsaye, amma da ya faɗi sai aka yi watanda. Fox, mai mafi yawan hannun jari a tashar Big Ten, ta samu Los Angeles da Seattle da Oregon. ESPN da Fox suka samu huɗun da suka koma Big 12 a farashin da aka riga aka rubuta. Wasan daren da ake buƙata ya zo hannu ba tare da an biya wa kowa da kowa ba. Ba na cewa sun zauna sun ƙulla makirci. Lissafi kaɗai ya isa ya kai su nan.

Stanford da jami'ar Kalifoniya ta Berkeley, waɗanda ke kallon tekun Pasifik, suka yi ta roƙo har ACC, haɗakar gaɓar Atilantika, ta karɓe su ranar 1 ga Satumba, da ƙyar, a kan kashi 30 cikin ɗari na kason talabijin na shekara bakwai. SMU ta Dallas, da ta shiga tare da su, ta yafe kasonta gaba ɗaya na shekara tara, attajiran tsofaffin ɗalibanta suka cike giɓin.

Aka bar Washington State da Oregon State. Ɗaya tana Pullman, gari mai mutum kusan 32,000 a tsakiyar gonakin alkama, ɗayar tana Corvallis. Ba rashin iya wasa ya sa aka bar su ba, rashin babban birni ne. Oregon State tana cikin huɗun da suka kafa haɗakar, kuma a shekarar nan ta gama gyaran filinta da fiye da dala miliyan 160, da lissafin kuɗin da yanzu ba zai zo ba. Suka ga alamar masu tafiya goma na iya haɗa kai su rushe haɗakar su raba dukiyarta, sai suka garzaya kotu a Colfax, ƙaramin garin da bai kai mutum 3,000 ba. Hujjarsu mai sauƙi ce: dokar haɗakar ta ce wanda ya ba da sanarwar ficewa ya rasa kujerarsa a majalisa, kuma haka aka yi wa USC da UCLA, sauran suna zaune ba su ce uffan ba. Alƙali Gary Libey ya ba su gaskiya ranar 14 ga Nuwamba, Kotun Ƙolin jihar ta ƙi shiga maganar, aka sasanta. Masu tafiya suka bar dala miliyan 65, su biyun suka riƙe suna da abin da ya rage.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda kakar 2023 ta kasance. A Satumba, jami'o'i takwas na Pac-12 suna cikin 25 mafi ƙarfi a ƙasar, har da biyun da aka yasar. Wasan Colorado da Colorado State, wanda aka fara bayan ƙarfe 10 na dare a agogon gabas, mutum fiye da miliyan 9 suka kalla. Washington ta doke Oregon 34 da 31 a Las Vegas ta ɗauki kofin haɗakar, ta kai wasan ƙarshe na ƙasa, inda Michigan ta cinye ta. Da wannan kaka ta zo shekara guda kafin nan, ina da yaƙinin da wani ciniki aka yi.

Waɗanda suka biya kuɗin wannan sauyi ba sa cikin ɗakin da aka yanke shawara. Daga Los Angeles zuwa jami'ar Rutgers a New Jersey kusan kilomita 3,900 ne, ya fi nisan Kano zuwa Jidda, ga bambancin awa uku. 'Yan ƙwallon hular kwano ba su da babbar matsala, sau ɗaya suke wasa a mako, tafiyar waje huɗu ko biyar a kaka, a jirgin shata. Yarinyar da ke buga ƙwallon raga ko ƙwallon ƙafa ita ce za ta tsallaka nahiya a tsakiyar mako ta dawo ta zauna jarrabawa, iyayenta kuma da ke tuƙa mota su je kallonta sun daina. Lokacin da manyan kulob 12 na Turai suka sanar da gasarsu ta ware a Afrilun 2021, magoya baya a Ingila suka fito titi, cikin kwana uku abin ya rushe. A nan babu wanda ya iya tsayar da komai. Iyakar abin da majalisar jami'o'in Kalifoniya ta yi shi ne tilasta wa UCLA ta riƙa ba 'yar'uwarta Berkeley dala miliyan 10 a shekara. Chip Kelly, kocin UCLA a lokacin, ya kawo shawarar da nake ganin ita ce mai hankali: a ware ƙwallon hular kwano ya yi nasa tsarin na ƙasa, a bar sauran wasanni su ci gaba da karawa da maƙwabta. Har yanzu ba a bi ta ba.

Su biyun da aka bari sun sha jiki. Kocin Oregon State ya tafi Michigan State tun kafin kakar ta rufe. Cam Ward, jagoran wasan Washington State, ya koma Miami, daga can ya zama na farko da aka zaɓa zuwa NFL, gasar ƙwararrun 'yan ƙwallon hular kwano, a 2025. Dokar NCAA ta ba su shekara biyu su kai membobi takwas. Ƙarƙashin sabuwar kwamishina Teresa Gould, a Satumban 2024 suka jawo Boise State da Colorado State da Fresno State da San Diego State da Utah State daga Mountain West, haɗakar da ta ara musu wasanni a shekarar da ba su da abokan karawa. Aka ƙara Gonzaga saboda ƙwallon kwando, sannan Texas State a Yunin 2025, aka sa 1 ga Yulin 2026 ranar shigarsu. Na yi murna sunan bai mutu ba, amma ba zan ɓoye ba, abin da aka yi musu suka yi wa na ƙasa da su, har aka shiga shari'a a kan dala miliyan 55 na tarar kwasar membobi. Mountain West ita ma ta juya ta ɗauko UTEP da Northern Illinois daga wasu.

Idan kuwa za a yi hasashen gaba, gara a yi shi da kalandar kwantiragi a hannu. Na Big Ten zai ƙare a 2030, na Big 12 a 2031, na SEC a 2034, na ACC a 2036. Florida State da Clemson sun riga sun kai ACC kotu, aka sasanta a Maris 2025 a kan abu biyu: kuɗin ficewa zai riƙa sauka daga dala miliyan 165 har ya kai miliyan 75 a kakar 2030, sannan kashi 60 cikin ɗari na kuɗin talabijin za a raba shi ne bisa yawan masu kallon kowace jami'a. Ga kuma sulhun da kotu ta amince da shi a Yunin 2025, wanda ya ba jami'o'i damar biyan 'yan wasa kai tsaye har dala miliyan 20.5 a shekarar farko, wato sabon rami da sai an cike shi da kuɗin talabijin. A ganina zagaye na gaba zai fara ne daga ACC, wajen 2029 zuwa 2031, amma abin da ya fi cancanta a sa wa ido shi ne rabon da ba daidai ba. Tambayar da USC ta yi a kan Washington State, wato don me zan raba daidai da wanda ba ya kawo abin da nake kawowa, Ohio State da Michigan na iya yin ta a kan Purdue da Northwestern, Alabama da Georgia su yi ta a kan Mississippi State, ranar da aka zauna cinikin 2030 da na 2034.